Farar ƙasa a kan mangwarona: abin da na gani bayan feshi huɗu

Ɗan yayata da ke karatun aikin gona ne ya fara kawo mini zancen. Ya ce, "Kawu, a ƙasar Iran, can yankin Karman da Rafsanjan, masu gonakin fistashiyo farar ƙasa suke fesa wa itatuwansu." Fistashiyo shi ne ɗan itacen nan mai tsagaggen ɓawo da alhazai kan zo da shi tsaraba. Akwai wani ƙaramin ƙwaro da ke tsotse ruwan ganyensa har ganyen ya zube, kuma ya saba da magungunan guba, shi ya sa suka koma ga garin kawolin, wato tatacciyar farar ƙasa.

Fistashiyo dai ba ya cikin lambuna na Kwalkwalawa, kusa da Sakkwato. Mangwaro ne da gwaiba, kuma ƙudan da ke huda 'ya'yan ya sa ƙwai ya ishe ni. Sai na sayo buhu na gwada.

Abu na farko, ba ya kashe ƙwaro. Duk wanda ke jiran ya ga gawarwaki a gindin bishiya, ya haƙura. Lulluɓe ganye da 'ya'ya yake yi fari fat, ƙwaron ya zo ya kasa gane wurin, garin ya manne masa a jiki, ya yi gaba. Ina dama giram 800 a tankin goyo mai lita 16, sai dai fa a riƙa girgizawa, don yana kwantawa ƙasa. Ranar farko na yi sakaci, bakin famfon ya toshe sau uku.

Mangwaron da na fesa tun yana ɗanye, tsutsa ta ragu a cikinsa ƙwarai idan na gwada da layin da na bari. Abin da ban zata ba shi ne maganin ƙunar rana. A Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɓangaren da ke kallon yamma kan ƙone. Bana farin ya kare shi. Rashin ruwan sama ma ya taimaka, domin ruwa wanke shi yake yi. A gwaiba da damina kam, asarar gari kawai na yi.

Yaron ya ce manoman Iran ɗin suna amfani da farar wuta ma. Ita ban taɓa ta ba, tana ƙona ganye cikin zafi irin namu.

Wahalar tana wajen sayarwa. Dillali ya ga fari ya ce, "Alhaji, wane magani ka zuba haka?" Dole muka zauna da buhu da bokiti muna gogewa ɗaya-ɗaya. Kuma kada wani ya ɗebo farar ƙasar shafen ɗaki ya ce ya huta da saye. Tsakuwarta za ta cinye masa famfo.

Baɗi zan sake, amma mangwaro kaɗai, daga ƙarshen hunturu.