Eyam ko Lacock: wanne za ki kai yara?

Hajiya, kin ce an ba ki shawarar ƙauyuka biyu a nan Ingila, Eyam da Lacock, kina tambaya wanne ya fi dacewa ki kai yara a dogon hutu, kuma ko irinmu za su iya zama a cikinsu. Duka biyun na taka su da ƙafata.

Tun farko ki cire hoton ƙauyen gida daga ranki. A nan ƙauye ba mazaunin wanda ya rasa ba ne, sau da yawa ma gidan ƙauye mai kyau ya fi na cikin birni tsada. Wuta da ruwa da intanet duk akwai. Abin da ake nema a rasa shi ne motar haya da kasuwa.

Lacock yana gundumar Wiltshire, kamar mil 3 daga garin Chippenham. Ƙauye ne na kallo. Wata mai sarauta, Ela ta Salisbury, ta kafa gidan ibadar mata a can a 1232, garin kuma ya yi arziki da cinikin ulu. A cikin wannan gida ne William Henry Fox Talbot ya ɗauki hoton wata taga a 1835, wanda shi ne negatif na kyamara (asalin hoton da ake wanko sauran daga gare shi) mafi tsufa da ya rage a duniya. A 1944 magajiyar gidan, Matilda Talbot, ta miƙa gidan da kusan ɗaukacin ƙauyen ga National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi, shi ya sa komai ya tsaya yadda yake, har masu shirya fim suka mai da shi wurin zuwansu. An ɗauki wasu sassan Harry Potter a can, yaranki za su gane baranda tun kafin ki nuna musu. Abin da ya fi burge ni dai ƙananan tebura ne a ƙofar gidaje: an jera kayan sayarwa, ga akwatin kuɗi, babu mai tsaro. Ki ɗauka ki jefa kuɗin.

Amma awa uku sun ishe ki Lacock. Tituna huɗu ne, kuma ranar Asabar baƙi sun fi 'yan gari yawa.

Eyam kuwa, wanda ake kiran sunansa "Iim", yana cikin duwatsun Derbyshire, ba nisa da Sheffield. Garin mahaƙa dalma ne a da, yau mutanensa ba su cika dubu ba. Bai kai Lacock kyau ba, amma shi ne ya hana ni barci.

A 1665 aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, ashe akwai ƙuma masu ɗauke da annoba a ciki. Yaron shagon da ya kwance ƙunshin, George Viccars, shi ya fara mutuwa a watan Satumba. Da cutar ta yi ƙamari a shekarar da ta biyo, malamin cocin garin, William Mompesson, da wanda ya riƙe muƙamin kafin shi, Thomas Stanley, suka shawo kan mutane cewa kada kowa ya fita, don kada a kai wa maƙwabta. Suka amince, suna sane da abin da zai biyo baya. Aka daina taruwa a coci, aka koma fili. Kowane gida shi ke binne nasa. Abinci kuwa a bakin iyaka ake ajiye musu, su kuma su bar kuɗi a ramukan wani dutse da aka cika da ruwan khal, wato vinegar. Dutsen yana nan, za ki iya sa yatsa a ramukan. Mutum wajen 260 suka mutu cikin wata 14, har da matar Mompesson, Catherine. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta 6 cikin kwana 8 a Agustan 1666. Kaburburan suna wani fili a bayan gari, an zagaye su da ɗan gini. Ina tsaye a wurin hadisin nan ya faɗo mini, wanda ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita.

Yaran da suka haura shekara 9 za su amfana da Eyam, akwai ɗan gidan tarihi da ke bayyana komai, kuma an manna sunayen mamata a jikin gidajensu. Ƙanana kuwa Lacock ya fi musu, ƙasar a shimfiɗe take, keken jariri zai tafi lafiya.

Batun zama kuma, nan ne suka rabu sosai. A Lacock yawancin gidajen haya ne a hannun National Trust, ba na sayarwa ba. A Eyam ana saye ana sayarwa kamar ko'ina. Kowannensu yana da firamare da coci da mashaya da ɗan kanti, amma ɗan sakandare sai ya hau bas zuwa wani gari. Lacock ya fi sauƙi ga mai harka da Landan, don jirgi daga Chippenham awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Ga Musulmi kuwa Eyam ne da dama: Sheffield cike take da masallatai da shagunan naman halal, alhali daga Lacock babban masallaci sai an nufi Swindon ko Bristol. Ko ta ina dai, in babu mota a gida ban ba ki shawarar tarewa ba, don bas ɗin ƙauye ba ya yin dare, ranar Lahadi kuma sai addu'a.

Ni Eyam zan kai su. In kin daidaita da Lahadin ƙarshe ta Agusta za ki tarar da taron tunawa da suke yi kowace shekara a Cucklet Delf, filin da suka yi ibada lokacin annobar. Ki sa wa yara takalma masu rufi, hanyar kaburburan nan hawa ce, kuma in an yi ruwa taɓo ne.