Haɗarin mota ko doguwar jinya: wacce ta fi dacewa da mijin jarumarki?

'Yar'uwa, kin ce labarinki babi 40 ne, kina so mijin jarumar ya mutu, amma kin rasa zaɓi tsakanin haɗarin mota da doguwar jinya. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Haɗari yana datse komai a tsakiya: babu wasiyya, ba a san bashin da ake binsa ba, faɗan da suka yi da safe ba su shirya ba. Ƙarfinsa ke nan. Sai dai an sha shi har ya gundura. Da an ce Alhaji ya kama hanyar Kaduna da daddare, mai karatu ya gano ana share wa tsohon saurayi hanya ne. Don haka ki dasa sanadin tun babi 5 kafin nan: taya ta suɗe, direba ya yi ƙorafi, Alhaji ya ce a bari sai sun dawo. Kuma kada ki kai mu wurin haɗarin. Ki bar mu tare da matar tana tuƙa tuwo, kira ya shigo da lambarsa, muryar kuwa ba tasa ba.

Jinya ba ta razana mai karatu, tona halin mutane take yi. Ɗauki ciwon ƙoda: wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako, a sayar da fili, ƙannensa su fara janye jiki, kishiyar da ake zagi ita ke kwana a asibiti. Inda ake ɓata ta shi ne jawabin bankwana mai shafi 3. Wanda numfashi ke gagara ba ya wa'azi. Ya isa ya tambaya ko an biya wa auta kuɗin makaranta. In jinyar ta cinye fiye da babi 5 kuma, masu karatu da kansu za su fara yi masa fatan hutawa.

Kowacce kika ɗauka, ki yi lissafin abin da ke biyo baya: takaba wata 4 da kwana 10, ko zuwa haihuwa in tana da juna biyu, da tumunin gado da za ta raba da kishiya in ya bar 'ya'ya. Kada lefen wani ya iso tana cikin takaba.

In labarinki kan rayuwarta bayansa ne, ki sa haɗarin a wajen babi na 10. In kuwa zaman auren ne ƙashin bayan labarin, jinyar ta fara daga babi na 33.