VPN ko furoksi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a nan ne da yawanmu muka fara jin sunan VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya a ɓoye. Kowa ya garzaya Play Store ya sauke wanda ya fara cin karo da shi, in dai shafin ya buɗe shi ke nan. Abin da ke damuna tun daga lokacin shi ne buɗe shafi daban, tsaro daban, kuma har yau ana sayar wa mutane ɗaya da sunan ɗayan.

Furoksi ɗan aike ne. Ka ba shi saƙo ya kai, ya dawo maka da amsa, shafin da ka ziyarta kuma adireshin IP, wato lambar shaidar na'ura a intanet, na ɗan aiken zai gani, ba naka ba. Iyakar aikinsa ke nan. Nau'in SOCKS5 da ake yawan tallatawa ba ya kulle bayanai ko kaɗan, wato ba ya juya su yadda wani ba zai iya karantawa ba, sannan manhajar da ka saita shi a cikinta kaɗai yake yi wa aiki, galibi burauza. Sauran manhajojin wayarka suna nan suna bin tsohuwar hanya. Ko VPN na kyauta da ke cikin burauzar Opera, a cikin burauzar kawai yake aiki.

Shi kuwa VPN na gaskiya, duk abin da zai fita daga wayarka ko kwamfutarka sai ya kulle shi kafin ya tura zuwa sabarsa. Mai Wi-Fi na otal ko na makaranta, ko kamfanin layinka, zai ga kana haɗe da VPN, zai ga yawan datar da ka ci, amma ba zai san inda ka shiga ba. Gaskiya ne yawancin shafuka yanzu suna amfani da HTTPS, wanda ke ɓoye abin da ka rubuta, sai dai sunan shafin yakan fito fili. Wannan ƙofar ce VPN ke rufewa.

To amma fa abin da kamfanin layinka ya daina gani, kamfanin VPN ne yake ganinsa yanzu. Amanar ka ɗauke daga hannu ɗaya ka miƙa wa wani, don haka sai ka san wa ka ba. A 2015 aka gano Hola, mai ba da sabis ɗin VPN kyauta, yana sayar da intanet ɗin masu amfani da shi ga wasu ta hanyar wani kamfani mai suna Luminati. A 2016 masu bincike, ciki har da na hukumar CSIRO ta Ostareliya, sun gwada manhajojin VPN 283 na Android, suka tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa kulle komai. A ɗaya ɓangaren kuma, a Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin kamfanin VPN mai suna Mullvad da takardar izinin bincike, suka koma hannu rabbana, domin kamfanin bai ajiye bayanan abokan cinikinsa ba. Irin wannan shaidar nake nema kafin na ciro kuɗina.

Kafin ka biya, duba ko VPN ɗin yana amfani da tsarin kulle bayanai na WireGuard ko OpenVPN. In ka ga PPTP kaɗai, wuce abinka, an daɗe da fasa kullensa. Duba kuma ko yana da maɓallin da ke yanke intanet nan take idan VPN ɗin ya katse. Da irin sabis ɗinmu mai zuwa da ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mullvad yuro 5 ne a wata, kuma ba ya tambayar imel. In aljihu babu nauyi, Proton VPN na ƙasar Suwizalan yana da tsarin kyauta marar iyakar data.

Furoksi ya wadatar in bukatarka kawai ka kalli abin da aka rufe wa ƙasarku, babu kalmar sirri a ciki, babu kuɗi. Ga ɗan jarida, ɗan kasuwa, ko mai yawan hawa Wi-Fi na jama'a, VPN nake ba da shawara. Sai dai ko shi ba zai cece ka ba idan ka karanta wa ɗan damfara lambar OTP a waya. Wasu manhajojin banki kuma kan ƙi buɗewa in sun ga adireshin ƙasar waje, don haka zaɓi wanda zai ba ka damar ware manhajar banki ta bi layinka kai tsaye.