Saƙo daga Jamus: a nan ɗan koyo ma yana da albashi

'Yan uwana na Kaduna, ina gaisuwa. Kun dame ni da tambayar farashin kaya a Jamus. Madara da burodi da taliya ba su fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba. Abin da ke da tsada shi ne mai sana'ar hannu. Famfo ya lalace, ka kira mai gyara, sai ya sa maka rana nan da makonni, kuma kuɗin zuwansa daban, na awannin da ya yi yana aiki daban. A Tudun Wada kuwa kira ɗaya za ka yi, kafin la'asar ya iso a kan babur da jakar kayan aikinsa.

Masu aikin ne suka yi ƙaranci. Tsofaffi na ta ritaya, yara kuma sun fi karkata ga jami'a, har ta kai a 2020 aka fara aiki da dokar da ta sauƙaƙa wa ƙwararru daga waje shigowa.

Yadda suke renon nasu ne ya fi tsaya mini a rai. Tsarin suna ce masa Ausbildung. Yaro zai yi shekara biyu zuwa uku da rabi, kwana uku ko huɗu a mako yana wurin maigidansa, sauran a makarantar sana'a da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, ba ya biyan ko sisi. Maigidan ne ke biyansa duk wata, kuma doka ta yanka mafi ƙanƙanta: wanda ya fara a 2025 ba a ba shi ƙasa da Yuro 682. A ƙarshe ƙungiyar masu sana'ar ce ke yi masa jarrabawa ta ba shi takardar da duk ƙasar ta sani.

Wallahi duk sanda na ga ɗan koyo a nan da takalmin aiki da tabaran walda, sai na tuna yaran Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna. Ba a fi su basira ba. Yaron da ke narka alminiyam ya zuba tukunya, ko ya haɗa injin niƙa daga ƙarafan da aka zubar, gwani ne. Sai dai yakan shafe shekaru kuɗin abincin rana kawai yake samu, in an yaye shi kuma ba shi da shaida sai bakin maigidansa. Wani tun bai ƙware ba yunwa ke tura shi acaɓa.

Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, hedikwatarta a Kaduna take, kuma ita da Kaduna Poli sun fara tantance masu sana'ar Panteka ana ba su takarda. Ga cibiyoyin koyon sana'a da gwamnatin jiha ta gina a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. Na yi murna ƙwarai. Roƙona dai a haɗa da alawus ɗin wata-wata ga yaron da ke shagon maigidansa, a kuma tallafa wa maigidan da kayan aiki, don a can mafi yawan yaranmu suke koyo.