Karen da Aka Yasar: Matsuguni ko Gidan Riƙo?

A Ingila, karen da aka tsinta a titi yakan bi ɗaya daga hanyoyi biyu kafin ya samu ubangida na dindindin. Ta farko matsuguni ne irin Battersea na Landan, wanda Mary Tealby ta kafa a 1860. Likitan dabbobi yana kusa, rigakafi a kan lokaci. Sai dai keji keji ne. Haushin karnuka ba dare ba rana kan firgita tsohon kare ko wanda ya sha duka, har ya ƙi abinci.

Ta biyu riƙon ƙwarya ne: iyali su kai shi gida na 'yan makonni, ƙungiyar da ta ba su karen tana biyan kuɗin abinci da magani. Nan na fi karkata, domin a gida halinsa ke fitowa. Yana haƙuri da yara? Yana korar kyanwa? Zai iya zama shi kaɗai? Da amsoshin nan ake haɗa shi da gidan da ba za a dawo da shi ba. Nauyin kuwa yana kan mai riƙo, wanda dole ya rabu da karen bayan sun shaƙu.