event.key ko event.code: wanne ya dace da kwamfutocin Maradi?

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare wani ƙanenmu a zauren nan ya kawo tambaya. Ya gaji wata tsohuwar manhajar zane mai aiki cikin burauza, wadda wani shagon buga katunan biki a unguwar Zariya ke amfani da ita. Da jQuery aka rubuta ta, wato wani kunshin kayan aiki na harshen JavaScript, gajerun hanyoyin madannai kuma duk da keyCode, tsohuwar lambar da burauza ke ba kowane madanni. Ya soma sabunta ta, ya mayar da su event.code, sai masu shagon suka kira shi: Ctrl+Z ya daina warware kuskure a kwamfuta biyu, a ta ukun kuwa lafiya lau. Yana so ya san wanne zai riƙe, key ko code, kuma ko gara ya rushe manhajar gaba ɗaya ya sake ginawa.

Ƙanena, ban ga kwamfutocin ba, amma je ka duba allon madannansu, wato kilabiye. Biyun nan AZERTY ne irin na Faransa, ta ukun QWERTY ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Kano da Katsina ta Ɗan Issa. A garin nan iri biyun suna zaune kan teburi ɗaya, mai rubuta manhaja a Amurka kuwa da wuya ya taɓa haɗuwa da hakan.

Ka ɗauki allon madannai kamar kasuwa. event.code lambar rumfa ce, wato mazaunin madannin, event.key kuma hajar da ke cikin rumfar, wato harafin da madannin ke bugawa. Sunayen code an ciro su ne daga tsarin QWERTY na Amurka, ba sa canzawa ko wane harafi aka rubuta a kan madannin. KeyZ na nufin madannin harafi na farko a layin ƙasa daga hagu, shi ke nan. A AZERTY an yi musayar Z da W, an yi musayar A da Q, M kuma ya hau kusa da L. Mai shago ya danna Ctrl da Z ɗin da idonsa ke gani, burauza ta ce maka KeyW, manhajarka ta yi shiru. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, in yana so ya taɓa KeyZ ɗin da kake jira, sai ya danna Ctrl+W, wanda ke rufe shafi. Chrome ba ta barin shafi ya ƙwace Ctrl+W, ko Ctrl+T, ko Ctrl+N, ko da ka kira preventDefault, umarnin da ke hana burauza yin abin da ta saba yi. Katin da aka yi awa biyu ana tsarawa, amarya na jira, dannawa ɗaya za ta tafi da shi.

Don haka duk gajeriyar hanyar da mutum ke tunawa da harafinta, Z na warwarewa, C na kwafa, V na liƙawa, S na adanawa, ka yi ta da event.key. Ka dai tuna Shift da Caps Lock suna mayar da z ya zama Z, sai ka bi da shi ta toLowerCase, mai mayar da shi ƙaramin harafi, kafin ka gwada. A Mac kuma metaKey, wato madannin Command, ake dubawa a maimakon ctrlKey.

Amma key ma yana da nasa rami, kuma ramin a layin lambobi yake. A AZERTY in ka danna madannin 1 ba tare da Shift ba, & za ka samu, na 2 ya ba ka é, na 0 ya ba ka à. In ka ce 1 zai mayar da zane girmansa na asali, mai AZERTY ba zai same shi ba sai ya haɗa da Shift. A nan code ya fi: Digit1 yana nan wurinsa a alluna biyun. Haka duk abin da hannu ke tunawa da mazauninsa ba da harafinsa ba, kamar madannai huɗu maƙwabta na tura hoto sama, ƙasa, hagu da dama.

Akwai kuma masu sauya allon zuwa Larabci don rubuta bismilla ko addu'a a saman kati, kuma a shagon katunan biki wannan aikin kullum ne. A lokacin key na iya ba ka harafin Larabci. Dabarar da nake bi ita ce in fara duba key, in harafin boko ne in yi aiki da shi, in ba shi ba ne sai in koma ga code.

Alamun [ da ] da Photoshop ke ragewa da ƙara girman buroshi da su, ka rabu da su. A AZERTY sai da AltGr, madannin Alt na dama, suke fitowa, Windows kuwa tana ɗaukar AltGr tamkar Ctrl da Alt ne aka danna tare. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin wasu tsare-tsaren buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ta AltGr suke bi. In ka ɗora wani umarni a kan Ctrl+Alt+K, kana iya hana mutum rubuta ƙ a cikin sunan ɗiyarsa. Ka tambayi getModifierState ko AltGraph, wato AltGr, na danne, in yana danne ka ƙyale madannin ya wuce. Haka idan mutum yana cikin akwatin rubutu, ko key ya zo da Dead, wato an danna ^ ana shirin buga ê, manhajarka ta janye hannu.

Shi keyCode, ka yi daidai da ka bar shi. An daina ba da shawarar amfani da shi, kuma burauzoji ba su taɓa daidaitawa a kansa ba: alamar ragewa 189 ce a Chrome, 173 a Firefox.

Batun rushewa kuwa, ban goyi baya ba. Kamfanin burauza na Netscape ya ɗauki wannan hanya a 1998, Netscape 6 bai fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa. Su kamfani ne mai ma'aikata da yawa, kai kuwa kai kaɗai ne, shagon kuma ba zai rufe ya jira ka ba. Tsohuwar manhajar nan cike take da ƙananan gyare-gyaren da wani ya sha wuya kafin ya gano su, sabuwa za ta fara ne ba ta san ko ɗaya ba. Abin da za ka iya zubarwa ba fargaba shi ne facin da aka yi don Internet Explorer, tunda Microsoft ta yi masa ritaya a watan Yuni na 2022. jQuery kuwa a hankali za ka zare shi, fayil bayan fayil, kana mayar da su module, wato fayiloli masu zaman kansu, irin na JavaScript ɗin ES2015.

Ka fara da madannan, tunda su ne suka ciji masu shagon. Ka tattaro duk keydown da ke warwatse cikin fayiloli, ka mayar da su mai sauraro guda ɗaya da jadawali guda: sunan umarni, madanninsa, da ko key ne ko code. Maɓallin da ke kan allo da gajeriyar hanya su riƙa kiran umarni ɗaya. Ka sa manhajar ta riƙa adana aiki da kanta cikin IndexedDB, ma'ajiyar bayanai da ke cikin burauza, saboda Ctrl+W da kuma ɗaukewar wuta. In ka gama, ka je shagon da kanka ka zauna gaban kwamfutocin uku, ka gwada kowane layi na jadawalin da Faransanci, da Ingilishi, da Larabci, sannan ka turo mana abin da ya ƙi mu duba tare.