Manhajar fantasy a hannun makaho

Ni makaho ne, da TalkBack, manhajar da ke karanta min abin da ke kan allo, nake sarrafa wayata, kuma ina buga fantasy na ƙwallon ƙafa a wata manhaja, wato wasan da mutum ke haɗa tawagarsa da 'yan wasa na gaske, ya samu maki gwargwadon ƙoƙarinsu a fili. Sunayen 'yan wasa, farashinsu da makinsu duk ina jin su tsaf. Naɗa kyaftin mai ninka maki ma ba wuya.

Shafin filin wasa ne ke ba ni ciwon kai. Rigunan 'yan wasa 11 hotuna ne marasa suna, ko'ina na taɓa sai in ji "maɓalli" kawai. Shigo da ɗan benci kuwa sai an jawo shi da yatsa. Wanda ya ji rauni da launi kaɗai ake nuna shi, dole ƙanena ya duba min kafin a rufe canji. Wannan na damuna ƙwarai, domin tawagata ce, ni nake son tsara ta da kaina.